Giwan Ruwa Masu Alama a Baya

Da sunan Allah Mai rahama nake ɗaukar alƙalami, ina salati ga fiyayyen halitta. Bayan haka, abin da zan rubuta labarin wani kifi ne da aka kawo madatsar ruwan da ke bayan garinmu, da yadda ya zama sanadin rabuwata da mutum na ƙarshe da ya san ni tun ina yaro.

Ni mazaunin Kurmin Sarki ne a Suleja, a gidan da mahaifina ya bari. Zauren gidan ya taɓa cika da masu ɗaukar karatun fiƙihu da nahawu bayan sallar asuba. A yau yawancinsu, da an sallame, sai bakin titi jiran motar Abuja, kuma ba su dawowa sai jiki ya mutu. Ban ga laifinsu ba, halal suke nema. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya sun watsu inda aiki ya kai su. Wanda ya rage yana shigowa zauren ba don fatawa ba, ba don a yi masa addu'a ba, sai don kawai mu zauna, shi ne wani tsohon masunci. Tare muka yi karatun allo wurin malami ɗaya. Da muka sauke, ni na zarce da littattafai, shi ya koma kwalekwalen mahaifinsa. A gaban mutane Malam yake ce mini, in muna mu biyu sai ya ce na tudu. Ni kuma Sarkin Ruwa nake kiransa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani.

Yana da ɗa a Lambata, mai sayar da kifi ga matafiya a bakin mararraba. Ɗan ya daɗe yana roƙonsa ya ajiye kamun kifi ya koma can ya huta. Amsarsa ɗaya ce kullum: muddin ruwa na ba shi abin jefawa a miya, ba inda za shi. Tun lokacin na san cewa zamansa kusa da ni a kan ruwan nan yake rataye, kuma duk ranar da ruwa ya juya masa baya, zauren nan zai ƙarasa yin shiru.

A ranakun da babu karatu nakan bi shi madatsar. Mu hau Keke Napep har inda kwalta ta ƙare, sannan mu hau babur zuwa gaɓa. Akwai wata bishiyar ɗorawa a wurin, a ƙarƙashinta nake shimfiɗa buzu in buɗe littafi, shi kuwa ya tura kwalekwale. In rana ta karkata ya fito, mu yi azahar tare, ya gasa mana karfasa a kan garwashi. Ya sha yi mini ba'a cewa na haddace hukuncin duk dabbar da ke cikin ruwa, amma ban taɓa yarda ruwa ya wuce idon sawuna ba sai a wanka. Nakan ce masa shi kuma ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa, amma har yanzu sai na gyara masa shafar kai a alwala.

Masuntan wannan ruwa suna da wata al'ada da suka zo da ita daga kakanninsu na bakin kogi. In an yi wa mutum haihuwa, ko maras lafiyarsa ya tashi, ko ya tsira daga kifewar jirgi, sai ya zaɓi kifi mai rai cikin kamun ranar, ya ɗan tsaga gefen wutsiyarsa da wuƙa, ya yi bisimilla ya mayar da shi ruwa. Kifin sadaka suke ce masa. Duk wanda ya sake kama kifi mai wannan tsaga, to, ba nasa ba ne, sai ya sake shi. Na duba ban ga asalin wannan a littattafan da na karanta ba, ban kuma ga abin da ya haramta shi ba, saboda haka ban taɓa sa musu baki ba. Ranar da aka sallamo mai ɗakina daga asibiti a ciwonta na farko, abokina ya saki ɗaya dominta. Bai gaya mini ba, daga bakin wasu na ji.

Ana nan sai karfasa ta yi yawa a madatsar har ta daina girma. Sai mutum ya cika kwando, amma ba wadda ta kai tafin hannu, duk ƙaya. Masu kula da ruwan suka ce maganin abin shi ne a kawo kifi mai cin kifi, ya rage taron, sauran su sami abinci su yi jiki. Wata rana da hantsi mota ta zo da durom-durom cike da 'ya'yan giwan ruwa, aka juye su a gaɓa. Ina wurin. Ba su wuce tsawon yatsa ba, idanunsu na ƙyalli kamar na kyanwa. Abokina ya ɗauki ɗaya a tafinsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce ya san shi a bakin mahaifinsa, a manyan koguna yake, kuma yakan girma har ya kai nauyin mutum. Ya yi murna ranar, kamar yadda kowa ya yi.

Shekarun farko abin ya yi kyau. Karfasa ta ragu, wadda ta rage ta yi ƙiba. Amma giwan ruwa bai tsaya inda aka so ya tsaya ba, kuma ba wanda yake taɓa shi. Ragar mutanen nan ta ƙananan kifi ce, zarenta siriri. In babba ya faɗa ciki, sai ya keta ta ya wuce, ya bar wa mai ita aikin ɗinki na kwana da kwanaki. Saboda haka suka riƙa kauce wa zurfi inda yake kwanciya. Matan da ke bandar kifi su ma ba su so shi ba. Sun ce kitse ya yi masa yawa, yana cin itace, kuma masu sayen kifin miya a babbar kasuwa sun saba da ƙanana. Ga mai ci ba mai cinsa. Da farko kawara ta ɓace, wadda yara ke kamawa a gefe. Daga baya karfasar ma ta fara wuya. Sau da yawa abokina yakan fito da azahar da abin da bai rufe gindin kwando ba, ya zauna kusa da ni, ni kuma in ci gaba da duba shafin da na daina karantawa.

Gardama ta tashi a gaɓa a kan yawansu. Wasu suka ce ruwan ya cika da su har ba wurin tsoma sanda. Wasu suka ce ba su da yawa, cinsu ne ya yi yawa. An taɓa tambayata, wai ko akwai hanyar sani a ilmi. Na ce ni dai abin da na sani shi ne Wanda ya halicce su ya san adadinsu, ban san wata hanya da ɗan Adam zai ƙirga abin da ba ya gani ba.

Ashe akwai hanyar. Aka turo wasu ma'aikata, shugabarsu wata mace ce mai natsuwa, Kirista, mai Hausa irin ta mutanen Filato. Ta tara masunta a ƙarƙashin ɗorawar nan, ta gaishe ni da ladabi, ta ce Baba a yi mana addu'a kafin mu fara. Bayaninta ya fita sarai, ba wanda bai fahimta ba. Za su kama giwan ruwa da ransu, su maƙala wa kowanne wata 'yar roba mai ruwan ɗorawa a gindin ƙayar baya, su mayar da su. Duk wanda ya kama mai roba, kifi nasa ne, ya ci ko ya sayar, robar kaɗai zai kawo rumfarsu. Sauran giwan ruwan da ba su da roba kuwa, wani ma'aikacinsu zai riƙa ƙirga su a gaɓa in an fito. Suka raba ƙugiyoyi manya da igiya mai ƙarfi don a fara kamun giwan ruwa sosai. Suka yi kwanaki suna aikin maƙala robar, sannan suka bar mutum ɗaya a rumfa suka tafi.

Ba a daɗe ba abokina ya shigo zaure da la'asar, ya zauna nesa da inda ya saba, na gane da magana a bakinsa. Ya ce ƙugiyarsa ta kama wani babba, ya sha wuya kafin ya jawo shi gefen jirgi, da ya duba sai ga roba a bayansa. Ya cire ƙugiyar ya sake shi. Yanzu masunta sun rabu biyu, an ce ya zo ya tambaye ni.

Na ba shi amsa gwargwadon abin da na sani. Na ce abin farauta in wanda ya kama shi ya sake shi da gangan ya koma cikin 'yan'uwansa, ya fita daga hannunsa, na wanda ya sake kamawa ne. Balle ma waɗanda suka sa alamar da bakinsu suka ce a ci. Ba sadaka suka yi ba, ƙidaya suke yi. Halal ne ba shakka, kuma mayar da robar cika alkawari ne.

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, “Na ji, Malam, halal ne. Amma kifin nan ya taɓa shiga hannun mutum, ya ga mutuwa, aka ce masa je ka. Ban san niyyar mai sakinsa ba, shi ma kifin bai sani ba. Ni dai hannuna ba zai iya ba.”

Na ce, “To ka cire robar ka kai musu, ka saki kifin.”

Ya ce, “In na cire, wanda zai kama shi gobe da me zai gane?”

Na yi dariya, na ce masa taurin kansa tun na makarantar allo bai ragu ba. Ya ce ai shi ya sa malaminmu ya fi dukansa, ni kuma aka bar ni na yi laushi. Muka bar maganar a nan. Ya isar da fatawata ga mutanensa kamar yadda na faɗa, bai rage ba bai ƙara ba. Amma shi ne babba a gaɓar, kuma abin da suka ga hannunsa na yi ya fi abin da bakinsa ya ɗauko daga zaurena nauyi a wurinsu. Kusan dukansu suka bi shi. In mai roba ya kama, tun a tsakiyar ruwa ake sakinsa, ba ya isowa gaɓa balle ma'aikacin rumfa ya gani. Ba ɓoyewa suke yi ba. A ganinsu abu ne tsakaninsu da ruwa, bai shafi kowa ba. Ni ma a lokacin ban ga wata cuta a ciki ba face 'yan robobin da ba su koma ga masu su ba.

Bayan damina ta wuce, sai muka wayi gari da baƙi a madatsar. Masunta ne daga nesa, da jirage masu inji, da taru mai tsawon da ban taɓa gani ba. An ce an ba su izini, domin ƙidaya ta nuna giwan ruwa ya yi yawan da mutanen gaɓar ba za su iya da shi ba. Baƙin nan ba miyagu ba ne. Suna sallah a sahu ɗaya da mu, ɗayansu ma yakan zo ya tambaye ni hukuncin sallar matafiyi. Amma aiki suka zo yi, kuma sun iya shi. Suna ja tun safe, motoci masu ƙanƙara na jira a gaɓa, a loda a nufi Abuja. Tarunsu ba ya tambayar mai roba ko mai tsaga a wutsiya, ba ya barin karfasa don ƙanƙantarta. Na ga abokina tsaye a kan tulin kifi yana duban wani mai tsohuwar tsaga da ta warke. Ya juya ya koma wurin jirginsa.

Kamun manya bai jima ba ya fara raguwa, da sauri fiye da yadda aka zata. A nan ne hankalina ya tashi, domin na ji ɗan abokina ya zo gari sau biyu a kusa-kusa. Na nemi inda ofishin matar nan yake, na sa rigata ta Juma'a na tafi. Ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni kujerarta. Na tambaye ta yadda aka yi suka san yawan abin da ba su gani ba. Ta ce abu ne mai sauƙi, Baba. In ka sa wa wasu alama ka mayar, sannan aka yi ta kamawa ba a cin karo da masu alamar sai jefi-jefi, to sun nutse ne cikin taro mai yawa. In kuwa ana yawan cin karo da su, taron kaɗan ne. Su kuma robobin da suka dawo musu ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa suka ɗauka giwan ruwa ya cika madatsar.

Sai na gaya mata labarin kifin sadaka, da abin da ake yi a tsakiyar ruwa. Ta ajiye biron hannunta. Ba ta zargi kowa ba. Ta ce a ƙauyensu ma akwai wata bishiya da ba a sarewa, da baƙo zai zo ƙirga itacen girki da haka zai ruɗe. Ta ce ta yi ta tambayar masunta nawa suka kama, ba ta taɓa tambayarsu nawa suka mayar cikin ruwa ba. Na roƙe ta ta yi abin da za ta iya tun ruwan bai mutu ba. Ta yi alkawari, kuma ta cika.

Abin da ya biyo baya shi ne aka sallami baƙin, aka rufe madatsar ga kowa da kowa har sai kifi ya farfaɗo. Hukunci ne na adalci, ban iya cewa komai a kansa ba. Amma kowa da kowa ya haɗa da tsoho mai kwalekwale ɗaya, kuma ba wanda ya iya cewa ga ranar buɗewa. Matasan gaɓar suka koma acaba da leburanci a wuraren gini. Shi ba shi da ƙarfin ko ɗaya.

Ya zo ya same ni da hantsi, ya ce ɗansa zai zo da mota ranar kasuwar da ke tafe. Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa in wannan rana ta zo. Na ce masa ɗakin da ke kusa da zaure ba kowa a ciki, abincin da 'yata ke aiko mini ya fi ƙarfina, kullum sai na bayar da saura. Na ce ya zauna har a buɗe ruwa. Na kawo masa hujjoji a kan haƙƙin abota da falalar maƙwabtaka, na jera su kamar ina gaban ɗalibai. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “Na tudu, in dai zan ci daga hannun wani, gara hannun da na ciyar. In na ci naka, gobe ba zan iya yi maka ba'a ba.”

Na ce, “Ni na yafe ba'ar.”

Ya ce, “Ni ban yafe ba.”

Ranar tafiyar na raka shi har bakin titi. Kayansa ba su da yawa: tabarma, buta, akwatin ƙarfe, da raga ɗaya da ya ƙi bari duk da ɗan ya ce ba ta da amfani a can. Kwalekwalen ya bar shi a kife a gaɓa, ya ɗora masa duwatsu. Muka yi musafaha, na yi masa addu'ar matafiyi, ya ce amin yana kallon wani wuri. Masu babura suna ta yi wa motar ham don ta tare hanya, saboda haka ba mu tsawaita ba.

Lambata ba nisa gare ta ba, kowa haka yake gaya mini. Ɗan ya saya masa waya, amma kunnensa ya yi nauyi, in na kira sai mu yi ta sallama muna maimaitawa har mu gaji. Na je sau ɗaya. Na same shi a kan benci a bayan rumfar ɗansa, manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa, surukarsa na soya kifin ƙanƙara da ake kawowa a kwali. An yi masa sabuwar riga, ya yi ƙiba kaɗan, jikoki na hawa bayansa. Ana kula da shi yadda ya kamata, na gode wa Allah a kan haka. Ya yi ta kirana Malam domin akwai mutane, kuma ba a sami lokacin da babu mutane ba. Ya tambaye ni ko an buɗe ruwa, na ce tukuna. Ya gyaɗa kai. Muka yi azahar a masallacin tasha, a sahu daban-daban saboda cunkoso.

Da na tashi tafiya ya rako ni har ƙofar mota, ya sa hannu ya tattare mini gefen babbar riga kada ƙofa ta datse ta. Yaron mota ya rufe, muka kama hanyar Suleja. Na iso gida ana kiran la'asar, na buɗe zaure, na shimfiɗa buzu, na yi sallah a gida ni kaɗai.